Wa Ke Binciken Maigida? Darasi a kan muraƙaba ga ƴan'uwa masu kasuwanci

Godiya ta tabbata ga Allah Mai buɗa ƙofofin arziki. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka riƙa ajiye dukiyarsu a hannunsa saboda amanarsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijani da halifofinsa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasin yau na waɗanda Allah ya ɗora wa riƙon dukiya da riƙon mutane ne a cikinmu. Ina nufin mai kanti a kasuwar Maraɗi ko Kasuwar Dole ta Damagaram, da mai siton hatsi, da mai motocin da ke kwasar albasa daga Galmi zuwa Gana, da tela mai yara biyar a ƙarƙashinsa, da hajiyar da ke da mata masu yi mata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan shi ma ya saurara, don gidansa ma riƙo ne.

Ku duba kowace harka ta kasuwa, za ku tarar kowa yana da mai bincikensa. Yaron kanti yana ƙirga ciniki gaban maigida da dare. Direba yana bayanin kuɗin mai da na hanya. Mai gadi ana tambayarsa in kwali ɗaya ya ɓata. Mutum ɗaya ne ba a tambaya, shi ne maigidan kansa. Yana sa hannu a akwati ya ɗebi abin da ya so, ba mai rubutawa. Yana daka wa yaro tsawa a gaban masu saye, ba mai mayar masa. In ya yi kuskuren saro kayan da ba su tafiya, sai a ce kasuwa ce ta juya. In yaro ne ya yi irin wannan, sai a ce sakarci ne. Ma'aikatan duwan da masu haraji takardu da kaya suke dubawa, ba ruwansu da harshensa ko zuciyarsa. Waɗanda kuma suka san aibinsa sosai a hannunsa suke ci, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Shi ya sa nake ganin jarrabawar muridi mai dukiya ta fi ta muridi talaka ɓuya. Talaka duniya na gyara masa zama kullum. Mai dukiya kuwa yana iya shekara ashirin yana tafiya a karkace, jama'a na ce masa ranka ya daɗe.

Maganin wannan shi ne abin da malaman tasawwufi ke kira muraƙaba, wato bawa ya zauna da sanin cewa Allah yana tsinkaye a kansa, zahirinsa da baɗininsa, har wannan sani ya riƙa riƙe masa hannu da baki. Asalinta yana cikin hadisin Jibrilu, wurin da Annabi (SAW) ya yi bayanin ihsani. Kowa yana bukatarta, amma ga maigida ita kaɗai ce mai bincike da ya rage masa.

Abin sha'awa, lokacin da Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya zo bayanin wannan babi a cikin Ihya'u Ulumiddin, da harshen ƴan kasuwa ya yi shi. Ya ɗauki hankali a matsayin mai jari, ya ɗauki rai a matsayin abokin tarayyar da aka damƙa wa jarin, kuma abokin nan ba amintacce ba ne, in aka kau da ido zai cinye uwar kuɗi. Jarin shi ne rayuwar mutum, numfashi bayan numfashi. Sai ya jera matakai shida, waɗanda uku na farkonsu ne za mu tsaya a kai. Na farko musharaɗa: da safe, bayan sallar asuba, ka gindaya wa ranka sharuɗɗa kamar yadda kake yi wa wanda za ka ba kaya ya tafi da su kasuwar ƙauye. Na biyu muraƙaba: ka sa masa ido tsawon yini. Na uku muhasaba: da dare ku zauna lissafi, farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuma hasara.

Mu ƴan wannan ɗariƙa Allah ya sauƙaƙa mana, don an riga an kafa mana turaku biyu a cikin yini. Lazimin safe yana kafin buɗe kanti, na yamma yana wajen tashi daga kasuwa, kowanne da istigfari ɗari da salati ɗari da hailala ɗari. Abin da ya rage shi ne a ƙara ɗan zama kaɗan bayan an shafa. Da safe kada ka yi wa ranka sharaɗi mai faɗi irin na "yau zan ji tsoron Allah", don rai yana son irin wannan, ya san ba a kama shi da shi. Ka ambaci abin da sunansa. Yau wane zai zo karɓar kuɗinsa, ba zan ce a ce masa ba na nan ba. Yau zan faɗi aibin buhunan nan da ruwa ya taɓa. Yau ba zan rantse a kan farashi ba. Da yamma kuma istigfarin nan ɗari ya sami abin da ake yinsa a kai, maimakon carbi na gudu zuciya na lissafin naira da sefa. Na san wannan yana faruwa, don ni ma da ba ni da kanti yana faruwa da ni.

Akwai wani waliyyi da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san labarinsa, shi ne Sariyyus Saƙaɗi, kawun Imamu Junaidu kuma malaminsa, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na uku na hijira. Ɗan kasuwa ne mai shago. An ruwaito cewa gobara ta tashi a kasuwa, sai wani ya tare shi ya yi masa albishir cewa shagonsa ya tsira. Sai ya yi hamdala. Daga baya ya ce shekara talatin ya yi yana neman gafarar Allah a kan wannan hamdalar, domin ya gane cewa a wannan lokaci ya yi wa kansa murnar abin da sauran musulmi suka rasa.

Ku tsaya a kan wannan labari, kada ku wuce da sauri. Bai cuci kowa ba, bai ƙara farashi ba, kalmar da ya faɗa ma zikiri ce. Da alƙali ne ya duba, ba zai sami laifi ba. Amma shi ya leƙa ƙarƙashin kalmar ya ga abin da ya motsa ta. Mu kuwa mun san gobarar kasuwa. Dattawan Yamai ba su manta da wadda ta cinye babbar kasuwa a 1982 ba, wadda sai a 1987 aka sake buɗe ta. Kuma ba sai wuta ta tashi ba. In aka tsare motar maƙwabcinka a iyaka kayan suka yi tsada a hannunka, me ke fara motsi a ƙirjinka kafin bakinka ya ce Allah ya kyauta? In wanda kuke sayar da kaya iri ɗaya ya karye, masu sayensa suka dawo wurinka? Cikin sharuɗɗan da muka karɓa ranar da aka ba mu wuridi akwai nisantar yanke hulɗa da bayin Allah, musamman ƴan'uwa, da kuma kada mutum ya amince wa makarun Allah. Da yawa muna zama sahu ɗaya a wazifa da mutumin da muke fatar kasuwarsa ta mutu, kuma ba mu taɓa lissafa wannan cikin abin tuba ba.

An kuma ruwaito game da shi cewa ya sayi wasu ƴaƴan itace a kan dinari 60, ya rubuta a littafinsa cewa ribarsa dinari 3. Kafin ya sayar farashi ya kai 90. Dillali ya zo, ya ce masa 63. Dillalin, wanda shi ma mutumin kirki ne, ya ƙi karɓa a haka don kada ya zama ya cuce shi, shi kuma ya ƙi warware abin da ya ƙulla, har aka rabu ba ciniki. Ba na kawo wannan don in ce wajibi ne ba. Shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba, kuma wanda ya sayar a farashin kasuwa bai yi laifi ba. Abin lura shi ne mutumin ya yi wa ransa sharaɗi tun kafin kwaɗayi ya iso.

Yanzu mu koma ga mutane, don a nan nauyin ya fi yawa. Tsofaffin alhazan Maraɗi suna da abin da suke kira arzikin mutane. Ba a auna attajiri da kuɗinsa kaɗai, ana duba yawan waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa da waɗanda ya tayar suka tsaya da ƙafarsu. Yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, ubangida ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya sallame shi, zumunci kuma ya ɗore. Tsari ne mai kyau ƙwarai in maigida mai tsoron Allah ne. In ba haka ba, yana da sauƙin zama ƙofar zalunci, domin komai a baki yake, kuma bakin mutum ɗaya.

Wani ɗan'uwa ya taɓa tare ni bayan wazifa ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, yaron da na riƙe shekara tara na kama yana sa kuɗina a aljihu." Na ce, "Alhaji, nawa kuka yi da shi a wata?" Ya ce, "Ai ɗana ne, ci da sha da sutura duk a kaina suke." Na tambaye shi ko yaron yana da iyali, ya ce bara aka yi masa haihuwa ta biyu. Na ce yaushe kuka yi za ka sallame shi? Sai ya yi shiru. Sata haramun ce, kuma na faɗa masa haka, babu uzurin da ke halatta ta. Amma mutum mai mata da ƴaƴa biyu, wanda bai san abin da zai samu a ƙarshen wata ba, bai kuma san ranar da zai zama mai kansa ba, an ajiye shi ne a bakin rijiya. A fiƙihunmu na Malikiyya ijara ba ta inganta sai lada ya zama sananne. In kuma ƙiradi ne, wato jari naka aiki nasa, sai an ambaci rabon kowa a cikin riba, rabi ne ko sulusi. Kalmar "ɗana ne" ba ta cikin waɗannan biyun, kuma sau da yawa ɗan cikin nasa ba haka yake riƙe shi ba.

Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi a kan mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Ya kuma ruwaito wasiyyar da aka yi wa Abu Zarri (RA) a kan waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum, cewa ƴan'uwansa ne, kada ya ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in ya ɗora kuma ya kama musu. Anas (RA) ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya ba da shaidar cewa bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Mu da muke salati ɗari safe ɗari yamma ga wannan Annabi, ya kamata yaran kantinmu su ga alamar hakan kafin muƙaddaminmu ya gani. Ƙaramin ma'auni ne amma ba ya ƙarya: in ka shigo kanti, hira ce ke ci gaba ko kowa ke kama bakinsa?

Wannan tambayar tana da alaƙa da wani abu da ƴan kasuwa ke yawan nema a wurin malamai, wato buɗi. Ana zuwa a ce a taimaka da addu'a, kasuwa ta tsaya. Addu'a gaskiya ce. Sai dai sau da yawa buɗin yana zuwa ne a siffar fikira, wata dabara da ba ta taɓa faɗo wa mutum ba, kuma fikira ba ta sauka a zuciyar da ke cike da kallon tiren maƙwabci. Kun san halinmu. Wani ya buɗe wurin cajin salula, kafin wata ya ƙare layin duk ya cika da masu caji, kowa ya rasa. Wannan kwaikwayo tsoro ne ke haifar da shi, da ɗan abin da ba mu son kiran sunansa, wato hassada. Wanda ya natsu cewa arzikinsa ba ya hannun kowa, idonsa yana samun sarari ya dubi mai saye: me yake tambaya kullum ba ya samu, me yake tafiya Kano ko Yamai dominsa.

Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya iso Madina ba shi da komai. Ɗan'uwansa Ba'ansare, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Abin da ya fara dawowa da shi cuku ne da man shanu, irin wanda muke gani a kan faifai a kasuwannin Tawa. Daga nan ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Annabi Yusufu (AS) kuma, da ya fassara mafarkin sarki, ya haɗa da dabarar ajiya, a bar hatsi a zangarniyarsa don ya jure shekaru, abin da manomanmu ke yi har yau da dami da rumbu. Alhazan Maraɗi su ma sun ga irin wannan juyi. Da gyaɗa garin ya tashi, fari na farkon shekarun 1970 ya karya ta, waɗanda suka ɗore su ne suka juya zuwa wasu harkoki, har da fiton kayan da ke saukowa ta tashar Kwatano. An karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma sake rufewa a 2023. Kowane karo akwai wanda ya zauna yana zagin zamani, akwai wanda ya tashi ya duba abin da ke kusa da shi.

Kuma fikirar ba lalle ta zo ta kan maigida ba. Yaron da ke tsaye gaban masu saye tun safe ya fi shi sanin abin da suke gunaguni a kai. A yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan hijira, shawarar haƙa gwalalo ta Salmanul Farisi ce (RA), dabara ce ta mutanen Farisa da Larabawa ba su saba da ita ba, kuma Annabi (SAW) ya karɓa, ya shiga haƙa da hannunsa mai albarka. Maigidan da ya saba gwasale yaransa ya toshe wa kansa wannan ƙofa, sai ya zo zawiya yana neman a buɗe masa wata.

Sai dai a kula, ba kowace dabara ce buɗi ba. Tiyar da aka bubbuge gindinta dabara ce. Jera manyan albasa a bakin buhu, ruɓaɓɓu a ƙasa, ita ma dabara ce. Suratul Muɗaffifina ta sauka a kan ta farko, hadisin tsibin abincin da Annabi (SAW) ya sa hannu a ciki ya ji danshi ya isa hukunci a kan ta biyu. In fikira ta zo maka, ka tambayi kanka ko za ka iya bayyana ta dalla-dalla gaban wanda zai saya ba tare da ka sunkuyar da kai ba. In ta wuce wannan, ka yi istihara da shawara ka shiga.

Wasu ƴan'uwa in suka ɗanɗana daɗin zikiri sai su fara tunanin barin kasuwa gaba ɗaya. Ibnu Aɗa'illah ya yi gargaɗi a kan haka tun a farkon Hikam ɗinsa, ya nuna cewa son barin sababi alhali Allah ya tsayar da kai a cikinsa wani ɓoyayyen son rai ne. Mutum goma na ci ta dalilinka, ina za ka? Suratun Nur ta yabi mazajen da fatauci da saye da sayarwa ba su shagaltar da su daga ambaton Allah da sallah da zakka ba, wato suna cikin fataucin ne aka yabe su. Tarbiyyarka tana cikin kantin. Mai bashin da ya ɓoye maka shi ke koya maka haƙuri, ribar da ta zo ba zato ita ke fito da abin da ke cikinka.

Akwai muhasaba ta shekara wadda shari'a da kanta ta ɗora, kuma da yawa ba su yinta yadda ya dace. Malamanmu na Malikiyya sun raba ɗan kasuwa gida biyu. Akwai muhtakiri, mai saye ya ajiye yana jiran farashi, wanda ke fitar da zakkar shekara ɗaya idan ya sayar. Akwai mudiri, mai juya kaya kullum, irin mafi yawan masu kanti. Shi wannan yana da wata sananne a shekara da zai yi wa kayan sayarwarsa ƙima, ya haɗa da tsabar kuɗin da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, in sun kai nisabi, wato dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ba a yin wannan da kintace, a ɗebi ƴan jikkuna a raba a ƙofar gida a ce an fita. Sai an ƙirga. Wanda kuma ba ya rubutu ba zai iya ƙirgawa ba, ga shi aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Ranar da ka zauna wannan lissafi, ka buɗe shafi ɗaya da babu shi a yawancin littattafanmu, na abin da ake binka wanda ba mai ƙarfin zuwa ya tambaya. Ɗan dakon da ka ce wa ya dawo gobe. Marayun abokin cinikinka da ya rasu kuɗinsa na hannunka. Abin da ka ɗiba daga jarin da ba naka kaɗai ba. Sannan ka kira yaron da ya fi daɗewa a wurinka, ku biyu kawai, ka faɗa masa adadin da zai riƙa samu da lokacin da kake nufin sallamarsa, a rubuta, a sa shaidu biyu. In zuciyarka ta ɗauka, ka tambaye shi abin da yake gani a halinka wanda ya kamata ka bari. Karon farko zai ce babu komai, Alhaji. Ka bar shi, ka sake tambayarsa bayan wata guda.

Allah ya sanya albarka a kasuwanninmu, ya biya wa masu bashi, ya ƙara salati da sallama ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa.